Hausa Ta Zama Harshen Ƙasa: Me Hakan Zai Ƙara Wa Akwatin Zaɓe Da Baƙin Maraɗi?

Wata ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta aiko mini da wannan tambaya: "Baba Malam, tun da aka ce Hausa ce harshen ƙasa, abokan karatuna suka rabu biyu. Wasu na murna, sun ce yanzu talaka zai gane zaɓe, kuma Maraɗi za ta cika da masu yawon buɗe ido. Amma ƙawata Bazabarma da wani ɗan ajinmu Babarbare sun ce fin ƙarfi aka yi musu. Kai da ka koyar da Hausa, ka kuma zauna rumfar zaɓe, ina gaskiyar take?"

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Bari mu fara da abin da takardar ta ce, don da yawa cikin masu gardamar ba su karanta ta ba. An yi babban taron ƙasa a Yamai daga 15 zuwa 20 ga Fabrairu 2025. Daga shawarwarinsa aka fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ranar 26 ga Maris. Aya ta 12 ta jera harsunan da ake magana da su a Nijar, sannan ta ce harshen ƙasa shi ne Hausa, harsunan aiki kuwa Ingilishi da Faransanci. Kafin nan, tsarin mulkin 2010 ya ba Faransanci matsayin harshen hukuma, ya kuma ce harsunanmu na gida duka harsunan ƙasa ne, babu babba babu ƙarami. Dokar 2001 ta ƙidaya su goma: Larabci, Buduma, Fulatanci, Gurmanci, Hausa, Barbarci, Zabarmanci da Sanwai, Buzanci, Tasawak da Tubanci. Kin ga abu biyu ne suka faru a lokaci guda. An sauko da Faransanci daga kujerarsa, an kuma fiddo Hausa daga cikin ƴan uwanta an ɗora ta gaba. Na farkon bai ɓata wa kowa rai ba. Na biyun shi ne ke ci wa ƙawarki tuwo a ƙwarya, kuma zan dawo kansa.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, Hausa ba da sa hannun wani shugaba ta zama harshen da ɗan Nijar ke neman ɗan uwansa da shi ba. Kasuwa ta kai ta, tasha ta kai ta, filin kokowa ya kai ta, neman ƙuri'a kuma ya ƙarasa aikin. Dubi sunayen jam'iyyunmu. Haruffan farko Faransanci ne, amma sunan da ake ihu da shi a taron farfaganda Hausa ne: Tarayya, Nasara, Rahama, Jama'a, Gaskiya, Canji, Kishin Ƙasa, Lumana. Marigayi Moumouni Adamou Djermakoye ɗan gidan sarautar Doso ne, Bazabarme gaba da baya, amma da ya kafa jam'iyyarsa sai ya kira ta Zaman Lahiya, har da lafazin namu na nan. Tun kafin samun ƴancin kai a 1960, Djibo Bakary, wanda shi ma ba Bahaushe ba ne, da kalmar Sawaba ya tara jama'a. Babu dokar da ta tilasta musu. Lissafi suka yi: sama da rabin ƴan ƙasa Hausa ce harshen uwarsu, wasu da dama kuma suna jin ta. A ƙidayar 2012 jahar Maraɗi kaɗai ta haura mutum miliyan 3 da dubu 400, ba wadda ta fi ta sai Damagaram. Duk mai neman kujerar shugaban ƙasa ya san sai ya tsaya gaban mutanen Tasawa da Agye da Mayayi da Dakwaro ya yi musu magana da bakinsa.

To amma nan gizo ke saƙar. Hausa ta mallaki bakin zaɓe, ba ta mallaki takardarsa ba. Da Hausa ake roƙon ƙuri'a, da Faransanci ake ƙidaya ta. Na shugabanci rumfar zaɓe fiye da sau ɗaya a ƙauyukan kudancin Maraɗi, kuma akwai daren da har yau ban manta ba. Mun gama ƙidaya da hasken fitila, muka cika takardar sakamako, sai na kira wakilan jam'iyyu su sa hannu. Su biyar ne, ɗaya kawai ya yi lakwal. Wani dattijo daga cikinsu, manomi mai natsuwa, ya riƙe biro ya dube ni ya ce: "Mushe, ka rantse mini abin da muka ƙirga shi ne ka rubuta." Na karanta masa layi-layi ina fassarawa, ya sa hannu. Amma da na koma gida ban iya barci ba. Mutumin nan ya wuni da ƙishirwa yana gadin ƙuri'un jam'iyyarsa, daga ƙarshe kariyarsa duka ita ce rantsuwata. Da ni macuci ne, da shi ke nan. Shi kuwa ba jahili ba ne, ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, yana lissafin buhunan gyaɗarsa ba kuskure. Takardar ce aka yi ta da harshen da ba nasa ba.

Haka abin yake har sama. Tsarin mulkin 2010 ya shar'anta cewa aƙalla kashi 75 cikin 100 na ƴan takarar majalisar dokoki a jerin kowace jam'iyya su kasance masu takardar BEPC, wato shaidar gama kwaleji, ko makamanciyarta. Na fahimci dalilin, ana son depite ya iya karanta dokar da zai kaɗa wa ƙuri'a. Amma maimakon a kawo dokar cikin harshen jama'a, sai aka tace wakilan jama'a da rariyar Faransanci. Alhajin da ke tafiyar da kasuwanci daga Maraɗi har Kwatano, da malamin da ya karantar da almajirai ɗaruruwa, da uwargidan da ke jagorancin asusun mata na gunduma guda, duk sai su yi cunkoso a ƴar ƙofar kashi 25.

Saboda haka masu murna suna da gaskiya a wuri guda: in har Hausa ta shiga takarda, talaka zai amfana. Sai dai ki lura, kundin ya ce harshen aiki Ingilishi da Faransanci. Ma'ana, ofis zai ci gaba da rubutu yadda ya saba har sai an yi wata doka da ta ce ga takardun da tilas a fitar da su da harsunan gida. Sannan a halin yanzu zaɓen ma babu shi. Na ƙarshe shi ne na 27 ga Disamba 2020 da zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021, tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane. Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, an rushe jam'iyyu a 2025, an kuma tsayar da wa'adin shekara 5 wanda ake iya sake dubawa gwargwadon halin tsaro. Ni dai ina fatan in ga ranar da za a koma ga akwati, kuma ban ɓoye wannan ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ne lokacin da ya kamata a zauna a fassara dokar zaɓe, da takardar sakamakon rumfa, da takardar shigar da ƙara, da boko da ajami, a gwada su a ƙauye a ga ko ana ganewa.

Yanzu ga maganar ƙawarki da ɗan ajinku. Ki gaya musu ni Bahaushe ne, Bakatsinen Maraɗi, kuma ban ga laifin damuwarsu ba. Mu da muka yi shekara da shekaru muna kukan an sa mu sa hannu a abin da ba mu iya karantawa ba, bai kamata mu kasa jin kukan mutumin Tera ko na Ngigmi ko na Iferwan ba. Tsohuwar da ke Walam wadda ba ta jin Hausa, in an sauya mata takardar Faransanci da ta Hausa, me aka yi mata? Duhun bai kau ba. Bambancin kawai, da can kowa baƙo ne gaban Faransanci, yanzu kuwa maƙwabcinta ya zama ɗan gida, ita ta zauna baƙuwa. Irin wannan ciwon ya fi zafi.

Ƙasashen da suka yi nasarar samun harshe guda, mafi yawansu ba harshen masu rinjaye suka ɗauka ba. A Indunusiya mutanen Jawa ne suka fi yawa, amma a 1928 matasan ƙasar suka zaɓi Malayancin kasuwa da tashoshin ruwa, don ba wanda zai ce an ɗora masa na wani. Suwahili ya zauna da gindinsa a Tanzaniya zamanin Nyerere saboda ba harshen wata babbar ƙabila mai neman mulki ba ne. A Indiya kuwa, da aka yi yunƙurin barin Hindi shi kaɗai a 1965, kudancin ƙasar ya tashi, aka rasa rayuka, tilas aka bar Ingilishi ya ci gaba tare da shi. Maƙwabtanmu na Mali, a tsarin mulkinsu na 2023, harsunansu 13 suka ba matsayin harshen hukuma, ko da yake kowa ya san Bambaranci ke tafiyar da kasuwar Bamako. Mu namu ya bambanta: harshen kasuwa da harshen masu rinjaye duk guda ne. Wannan sauƙi ne, kuma shi ne hatsarin. Kowane ɓangare na da abin da yake tunawa. Mutanen gabas ba su manta an ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926 ba, ba su kuma manta shugabannin ƙasa uku na farko daga yamma suka fito ba. Mutanen yamma su ma suna da tsoron kada yawa ya zama sanda. Ɗan siyasar da ya rasa abin faɗi zai iya tsoma hannu cikin wannan tsohon miki ranar da farfaganda ta dawo, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nauyin yana kanmu, mu masu yawa. Babba juji ne. Abin da nake ba da shawara kullum shi ne, duk takardar da ta shafi haƙƙin mutum, ta zaɓe ko ta shari'a ko ta likita, a fitar da ita da harshen yankin da za a yi aiki da ita, Hausa ta zama gada a tsakani. Yaron Difa ya fara karatu da Barbarci, na Tilaberi da Zabarmanci, su koyi Hausa daga baya. Yaron Maraɗi kuma a wajabta masa koyon wani harshen ƙasa guda. Ki duba da kyau, a Yamai za ki sami Bazabarme mai jin Hausa, a Agadas Buzu mai jin Hausa, a Dakwaro Bafulatani mai jin Hausa, amma nawa ne cikinmu nan Maraɗi suka iya gaisuwa cikakkiya da Zabarmanci? Muna da abin da zai taimake mu, wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2014: Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Gobirawa da Zabarmawa. Mutanen da suka iya tsokanar juna ba tare da an zare wuƙa ba za su iya zama su raba wa harsunansu aiki.

Kada kuma wani ya ce miki daga sifili za a fara. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. A irin waɗannan azuzuwa na yi yawancin aikina, kuma da idona na ga yaron da ya fara da harshen uwarsa yana kama karatu da wuri, yana tambaya ba tsoro. Abin da ya hana su yaɗuwa shi ne ƙarancin littattafai, da ƙarancin malamai masu horo, da kuma iyaye da suka ga jarrabawa da aikin gwamnati duk da Faransanci ake samun su. Ba su yi kuskuren lissafi ba. Muddin Hausa ba ta kai mutum ga albashi, uba zai ci gaba da cewa ɗansa ya riga ya iya ta tun a gida. An daidaita ƙa'idar rubutu tun taron Bamako na 1966, aka sake zama a Yamai a 1980, gwamnati ta tsayar da tata ƙa'idar a 1999. Ɗan bambancin da ya rage tsakaninmu da Najeriya, kamar ƴ da muke rubutawa su kuma su sa 'y, ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Babban aikin yana wajen kalmomi: mu muna cewa duwan, parfe, kwanseye, lakwal, su suna cewa kwastan, ciyaman, kansila, makaranta. Wannan aikin jami'arku ne.

Sai yawon buɗe ido. Nan zan ɗan rage wa abokanki murna. Baturen da ke zuwa Nijar a da ba harshe ne ya kore shi ba, kuma ba harshe ne zai dawo da shi ba. Agadas yake nufa, da duwatsun Ayar da Tenere da suka shiga jerin UNESCO a 1991, da bikin gishiri na Ingal, da raƙuman dawa na Kure. Tawayen 2007, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, da kisan mutum takwas a Kure ranar 9 ga Agusta 2020, su suka rufe wannan kasuwa. Ko lokacin da take ci, Maraɗi wurin kwana ce kawai a kan hanyar Yamai zuwa Damagaram.

Baƙon Maraɗi na gaskiya yana kudu, kuma da Hausa yake magana. Wannan shi ne abin da na daɗe ina faɗa wa duk mai saurare. Bakatsinen da ke son sanin inda sarakunansa na dauri suka dosa bayan jihadi, nan zai zo, garin da Ɗan Kasawa ya kafa wajen 1819, inda har yau sarautar sunanta Katsinar Maraɗi, da Ƙaura da Durɓi da Galadima da Ƴandaka. Bagobirin Sabon Birni ko na Isa, Tsibiri zai nufa, inda Gobirawa suka sake kafa gadon sarautarsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda kuma Inna, babbar macen gidan sarautar, take da matsayinta har gobe. Mai son ziyara ga tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99, waɗanda Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Mai son kokowa ga filin da aka sa wa sunan Yakuba Kantu, ɗan Maraɗin da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a 1975. Mai son dabbobi ga gandun Gadabeji a arewacin Dakwaro, inda aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018. Ga jar akuyar Maraɗi da fatarta ta yi suna a duniya, ga dukawa, ga kilishi. Akwai ma wani abin kallo da mu ƴan gida muke rainawa: sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya tofo a gona ana yi masa aski. A nan yankin ya fara a farkon shekarun 1980, kuma masu bincike sun ƙiyasta ya mayar da itatuwa a fili mai kusan hekta miliyan 5 a ƙasar nan. Manoma da masana daga wasu ƙasashe sun sha zuwa ganin gawon da ke gonakin Agye. Wannan ma baƙunta ce mai kawo kuɗi.

Irin wannan baƙo ba ya buƙatar tafinta. Abin da yake buƙata shi ne hanya lafiya, iyaka a buɗe, masauki mai tsabta, da wanda ya san tarihi zai zagaya da shi. Iyakar Ɗan Isa da Jibiya an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 2023 har zuwa 2024, kuma kowane ɗan kabu-kabu da mai tuwo-tuwo a garin nan ya ji a jikinsa. Ƴan bindigar da suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji, suka koro dubban ƴan uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, su ne babban shingen. Ba mai ɗauko iyalinsa ya zo kallon tafki yana waige-waige. In Allah ya kawo sauƙin wannan, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kusan kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, ya iso, to magidancin Kano zai iya kawo ƴaƴansa hawan salla ya koma.

Inda harshe zai yi aiki a nan shi ne wajen abin da baƙo zai karanta da abin da za a gaya masa. Na taɓa raka wasu malamai da suka zo daga Kano zuwa Madarunfa. Sun yi ta tambaya: wane ne wannan waliyyi, daga ina ya zo, yaushe? Abin da muka samu sai bakin wani tsoho da muka tarar a gindin itace, Allah ya saka masa. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce mini: "Malam, in wannan bawan Allah ya rasu fa?" Ban sami amsa ba. Tarihin Maraɗi da aka rubuta, mafi yawansa da Faransanci yake, a ɗakunan karatun da jikokin masu tarihin ba sa shiga. A fassara shi, a naɗi muryar tsofaffi da makaɗan fada da sankira, a kafa alluna da Hausa a ƙofar fada da bakin tafki da wurin tsohon gari na cikin fadama wanda ambaliyar 1945 ta tayar. A horar da matasa su zama ƴan rakiya, har su san cewa in mai kilishi ya ce wa Bakano "ɗari biyu", jaka guda yake nufi, wato sefa 1000, don mu da dala muke ƙirga.

Wa zai yi wannan aiki? Ba minista daga Yamai ba. Aikin magajin gari ne da kwanseyoyinsa, su ke karɓar harajin kasuwa da na tasha, su ke da shara da fitilun titi da alluna. Nan zaɓe da baƙi da harshe suka haɗu. Mun yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, na ƙarshe a Disamba 2020, a 2024 kuma aka rushe majalisun aka naɗa masu riƙo. Mun ga an yi Maraɗi Kwalliya don bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba 2015, an yi tituna da gine-gine, garin ya yi kyau. Amma gini yana son mai kula da shi kowace shekara, mai kula kuma yana son wanda zai tambaye shi. Ranar da za a manna kasafin kuɗin gari da Hausa a ƙofar ofishin magajin gari, a karanta shi a rediyo, mai sayar da goro zai iya tsayawa ya ce: kun karɓi kaza a hannunmu, kun ce za ku gyara hanyar bakin tafki, ina aka kwana? In ya san kuma yana da ƙuri'ar da zai hukunta da ita, tambayar za ta yi nauyi.

Ga abin da zan roƙe ki. Ki nemo kwafin takardar sakamakon rumfar zaɓe ta 2020, wadda tsofaffin wakilan jam'iyyu da yawa suna ajiye da ita. Ke ki mayar da ita Hausa, ƙawarki ta mayar da ita Zabarmanci, ɗan ajinku Barbarci. Duk kalmar da ta gagare ku, ku rubuta ta gefe. In kun gama ku zo gida ranar Asabar bayan la'asar mu duba tare, akwai tsofaffin littattafan ajin gwaji da na ajiye waɗanda za su taimake ku. Ki gaishe mini da su, ki ce wa ƙawarki kuma ta zo da shirin koya mini gaisuwar safe da ta maraice da harshensu.